Tsofaffin Takardun Reluwe: A Saye Su Don Tarihi, Ba Don Biyan Bashi Ba

Ga wata haja da ake cinikinta a Amurka da Turai, wato tsofaffin takardun hannun jari na kamfanonin jirgin ƙasa. Yawancin kamfanonin sun mutu tuntuni, amma takardunsu na nan ana gwanjonsu. Mu a ganinmu ciniki ne mai kyau, muddin mai saye ya san abin da ya saya.

To me ke sa musu daraja? Na farko sa hannu. Takardar da wani ƙasurgumin attajiri kamar Vanderbilt ko Jay Gould ya sa wa hannu tana iya kai dubban daloli, alhali gama-gari 'yan daloli kaɗan ne. Na biyu ƙarancinta. Na uku kyan zane, don kuwa maɗaba'u irin su American Bank Note Company, wadda aka kafa a 1858, su ne suka zana su da hoton jirgi da gada, kamar takardar kuɗi, don kada a yi jabu. Na huɗu lafiyarta, ba yagewa, ba cin gara.

Amma babbar ribar ita ce darasin da ke ciki. A 1868 Vanderbilt ya tashi saye kamfanin Erie. Sai Daniel Drew da Gould da Fisk suka dinga buga sababbin takardu suna zubawa kasuwa. Yana saye suna ƙarawa, har ya narkar da wajen dala miliyan 7 bai mallaki kamfanin ba. Drew ɗin nan da ma falken shanu ne. Ana ba da labarin wai yakan ba shanu gishiri su cika ciki da ruwa kafin a hau sikeli. Ku mutanen kara, wannan ba baƙon abu ba ne gare ku. Haka kuma Penn Central, wanda aka haɗa a 1968, ya karye a 1970. Girman kamfani bai hana shi faɗuwa.

Yanzu ga inda muke jan kunne. Akwai 'yan damfara da ke ɗaukar irin waɗannan takardu, musamman na bashi, su ce wai gwamnati za ta biya da zinariya. Baitulmalin Amurka ya yi gargaɗi a kan haka, har ya ambaci takardun kamfanin Chicago, Saginaw and Canada na 1873. Na reluwen Rasha ma, tun 1918 sabuwar gwamnati ta ce ba ta san zancen ba. Wanda ya saya da sa ran biya, ya yi cinikin biri a sama.

Wani zai ce, to in ba ta biya, mene ne amfaninta? Amsa ita ce, kamar tsohon kwabo mai huji ne. Ba ka sayen goro da shi, amma mai tara kayan tarihi zai ba ka kuɗi. Ga shi kuwa yau hannun jari ya koma cikin kwamfuta, ba a cika buga takarda ba.

Saboda haka, dillali ya faɗi gaskiyar haja kafin ya karɓi la'ada. Mai saye ya duba huji ko hatimin sokewa, ya tambayi farashin gwanjon baya, kada ya zuba uwar kuɗinsa. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Mu kwana nan. Wassalam.