Kayan Aro Ba Ya Rufe Katara

Wata ɗabi'a ta kunno kai a gidajen masu hali da 'yan boko na Dutsin-Ma da Kurfi, kuma ina ganin lokaci ya yi da za a tanka mata. Mutum zai gina falo na bulo da siminti, sannan ya manna wa bangon hoton itatuwan ƙasar Japan masu furanni, da tsuntsaye masu kama da zalɓe, da duwatsu cikin hazo. Wani har ya girke allon kariya mai naɗewa a kusurwa, yana nuna wa baƙo da alfahari. Ba ni da husuma da Japanawa. Husumata da mu ce, domin mun ɗauko hoton mun baro darasin.

Wannan allo Japanawa suna kiransa biyobu, wato abin tare iska. Katako ne marar nauyi da ake lulluɓewa da takarda hawa-hawa, galibi fallaye 6, a yi zane a kai, wani lokaci a shimfiɗa masa zinariya don ta haskaka ɗaki. Su ma daga ƙasar Sin suka aro shi. Amma a taskar Shosoin da ke birnin Nara har gobe akwai waɗanda aka ajiye tun ƙarni na 8. Zanen itatuwan da Hasegawa Tohaku ya yi da baƙar tawada kaɗai a ƙarshen ƙarni na 16 yana gidan tarihin ƙasa a Tokyo, cikin dukiyar da hukuma ke tsarewa bisa dokar da suka kafa a 1950. Takarda ce fa! Abin da ya sa ta shekara 400 ba ƙarfinta ba ne. Mutanenta ne suka ƙi yarda ta mutu. Suna da masu sana'ar da ke ɓare tsohon zane su sake masa baya, tsara bayan tsara.

To, mu me muka saya? Hoton da inji ya buga a kan leda, wanda ya koɗe kafin damina biyu. Ko da na ainihin ne, bushewar hunturu ta isa ta tsattsaga takardar, gara ta ƙarasa katakon. Kayan da aka yi don wani yanayi mun kawo shi inda ba zai rayu ba, alhali wanda aka yi don yanayinmu mun tura shi bayan gida.

Shin asabari ba abin tare iska da idon mai wucewa ba ne? Yana shigo da sanyi, yana tare ƙura, na ciki yana ganin na waje, na waje bai ganin na ciki. Ga zanar gamba, ga tabarmar kaba mai launi, ga faifai, ga ƙwarya mai zane wadda in ta fashe gyartai ya ɗinke ta. Ga bangon ƙasa da magina ke shafewa da makubar ɗorawa su ƙawata ƙofar zaure da dagi. Jama'ar da ta haifi Muhammadu Durugu, Babban Gwani, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, ba ta da uzurin cewa ba ta san ado ba. Amma a yau uwa za ta ji kunyar rataya wa 'yarta amarya asabari, wai kada a ce daga ƙauye ta fito. Muddin muna kallon aikin hannunmu a matsayin tambarin talauci, masaƙin zai mutu da iliminsa, ɗansa kuwa ya hau babur ya shiga acaɓa.

Na san za a ce mini zamani riga ne, kuma kyau ba shi da ƙabila. Na yarda. Kwanonin jere ma ai ba kakanninmu suka ƙera su ba, 'yan kasuwa ne suka shigo da su. Amma matan Hausawa sun karɓe su, sun jera su bisa tsari nasu, har jeren ya zama shaidar gata da zumuncin dangi. Haka Japanawa suka yi da allon Sin. Wannan shi ne aron mai hankali: ka karɓa, ka sarrafa, ya zama naka. Wanda ya manna hoton da bai san sunan itacen cikinsa ba, bai ari komai ba, kwaikwayo kawai ya yi.

Saboda haka kirana yana da adireshi. Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011, da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, suna zaune a tsakiyar ƙauyukan da sauran gwanayen nan suke. Su aika ɗalibai su ɗauki hotunan tsofaffin zaurukan Kurfi kafin a rushe su, su rubuta sunayen zane-zanen daga bakin masu su, su keɓe ɗaki guda don adana su. Mai kuɗin da ke son burge baƙo kuwa, ya biya masaƙi da magini farashin gwaninta, ya sa aikinsu a falo, ba a turken awaki ba.

Wanda ke ƙaunar allon Japan da gaske, to ya yi abin da Japanawa suka yi: ya riƙe na gidansu.