Ƙofar mai gyara ita ce ƙofar ɓarawo: wa ke riƙe da mabuɗin akwatunan intanet?

Ran Lahadi 27 ga watan Nuwamba 2016, gidaje kimanin 900,000 a ƙasar Jamus suka ga tarhonsu ya yi shiru, intanet ya yanke. Igiya ba ta tsinke ba, ba a kuma ɗauke wutar lantarki ba. Ƴar akwatin nan da kampanin Deutsche Telekom ya aje ma kowane gida ita ce ta sume. Da bincike ya kammala, sai aka gane wani mutum ne daga nesa ya yi ta ƙwanƙwasa wata ƙofa ta cikin akwatin, ƙofar da kampani ya bari don masu gyaransa.

Tun daga wannan rana zuwa yau, irin wannan al'amari ya sake aukuwa a ƙasashe da dama. Abin da ya kamata a fahimta shi ne, hanyar da kampani ke bi ya duba lafiyar na'urorinsa ya kuma sabunta su daga nesa, ita ce dai hanyar da mai ɓarna ke nema. Ba ta toshuwa, don in an toshe ta aiki ya tsaya. Sai dai a san wanda ke tsaronta.

Mene ne manhajar ciki?

A Amurka da ƙasashen Turai da yawa, intanet na shiga gidaje ta igiyar telbijin, wata igiyar tagulla mai kauri da aka shimfiɗa tun da daɗewa don kawo hotuna. A bakin igiyar, cikin ɗaki, akwai akwati da ake kira modam. Can cibiyar kampani kuma akwai babbar na'ura wadda dubban modam ke magana da ita. A shekarar 1997 wata cibiyar bincike ta kampanonin igiya a Amurka, mai suna CableLabs, ta fitar da ƙa'idar wannan magana. Sunan ƙa'idar DOCSIS, kuma ita ake bi har yanzu, bayan gyare-gyare da aka yi mata a 2006 da 2013 da sauran shekaru.

Modam ƙaramar kwamfuta ce. Tana da umurni da maƙeranta suka rubuta suka dasa a ƙwaƙwalwarta, shi ke gaya mata yadda za ta tashi, yadda za ta karɓi saƙo, da wanda za ta yi ma biyayya. Wannan umurni shi ake nufi da manhajar ciki. Da yake ɗan Adam ne ya rubuta ta, ba ta rasa kuskure. In an gano kuskure, sai a rubuta sabuwa a aika ta maye gurbin tsohuwa.

Duk lokacin da aka kunna modam, takan nemi cibiya, ta gabatar da kanta, ta karɓi takardar tsarin aikinta. Cikin wannan takarda ne kampani ke iya rubuta sunan sabuwar manhaja da wurin da za a ɗauko ta. Kafin modam ta amince, sai ta duba hatimin maƙerinta, wani sa hannu na lissafi mai wuyar kwaikwayo. In hatimi bai yi daidai ba, ta ƙi karɓa. Abin lura a nan shi ne, bisa wannan ƙa'ida, ko da mutum da kuɗinsa ya sayi modam, kampanin da ke ba shi intanet ne ke aiko mata da sabuwar manhaja. Akwati na mai gida ne, mabuɗi yana hannun kampani.

Amfanin gani daga nesa

Kada mai karatu ya ɗauka mugun nufi ne ya kawo wannan tsari. Larura ce. Kampanin da ke da abokan ciniki miliyan goma ba shi da ma'aikatan da za su bi gida gida duk sa'ad da aka gano kuskure. Da umurni guda, cikin dare guda, yana iya gyara abin da mota da ma'aikaci ba za su gama cikin shekara ba.

Haka kuma kowace modam takan ba da labarin lafiyarta in an tambaye ta: ƙarfin saƙon da ke iso mata, yawan hayaniyar da ke cikin igiya, adadin saƙonnin da suka lalace a hanya, da tsawon lokacin da ta yi ba ta mutu ba. Idan modam ɗari na unguwa guda suka nuna ciwo iri ɗaya, injiniya yana zaune a cibiya zai gane cewa matsalar ba ta gidajen ba ce, igiya ce ta ji rauni ko ruwa ya shiga wata mahaɗa. Har yakan iya ƙiyasta wurin da raunin yake kafin ya tura mai gyara. Sau da yawa akan gyara kafin mai gida ya san akwai matsala.

Akwatunan da ke aiki da igiyar tarho ko zaren gilashi su ma suna da tasu ƙa'ida ta kulawa daga nesa. Wadda ta fi yaɗuwa ita ce TR-069, da aka fitar a 2004. A ƙarƙashinta akwati kan bar ƙofa mai lamba 7547 a buɗe don kiran kampani. Wannan ƙofa ce aka ƙwanƙwasa a Jamus.

Daga Jamus zuwa Laberiya

A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta bazu a duniya. Aikinta shi ne ta shiga ƙananan na'urori marasa tsaro, ta mai da su bayi, sannan mai ita ya umurce su gaba ɗaya su yi ma wuri guda rubdugu da saƙonni har ya durƙushe. Wani ɗan Ingila mai suna Daniel Kaye ya yi ma Mirai kwaskwarima don ta riƙa shiga ta ƙofa 7547, bayan an gano cewa waɗansu akwatuna na karɓar umurni ta nan daga bakin kowa. Akwatunan Deutsche Telekom ba su kamu ba, amma yawan ƙwanƙwasa ya sa suka ruɗe suka daina aiki.

Abin mamaki, ba Jamus ya nufa da yaƙinsa ba. Bayi yake tarawa don ya kai hari ga Lonestar, kampanin sadarwa na ƙasar Laberiya, kuma wani babban ma'aikacin kampanin da ke gasa da Lonestar ne ya ɗauke shi haya. A watan Nuwamba 2016 harin ya yi tsanani har intanet ya riƙa yankewa a Laberiya, ƙasar da a lokacin igiya guda ta ƙarƙashin teku ke haɗa ta da duniya. An kama Kaye a filin jirgin sama na Luton, kusa da Landan, a watan Fabrairu 2017. Kotun birnin Kolon ta Jamus ta yanke masa ɗaurin talala a watan Yuli na wannan shekara, sannan a Janairu 2019 wata kotun Landan ta ɗaure shi wata 32 saboda harin Laberiya.

Yadda Jamus ta warke ma abin koyi ne. Kampanin ya shirya sabuwar manhaja, ya roƙi jama'a su zare akwatinsu daga wuta, su dakata kaɗan, su mayar. Da akwati ya farka, sai ya ɗauko gyaran da kansa daga cibiya. Wato tsarin da ya jawo ciwo shi ne kuma ya kawo magani.

Rami a cikin kayan awo

A watan Janairu 2020, masu bincike na wani ƙaramin kampani a ƙasar Danmak mai suna Lyrebirds suka bayyana wani rauni da suka sa ma suna Cable Haunt. Wannan karon modam na igiyar telbijin abin ya shafa kai tsaye, waɗanda ke ɗauke da ƙwaƙwalwar kampanin Broadcom. Raunin yana cikin wani ɓangare da aka sa musamman don injiniya ya riƙa auna lafiyar igiya. Ya isa mai gida ya buɗe wani shafin intanet mai tarko, daga nan a bi ta kwamfutarsa a kama modam ɗin. Masu binciken sun ƙiyasta cewa modam kimanin miliyan 200 a Turai kaɗai na iya kasancewa cikin haɗari.

Gyaran sai da ya bi dogon layi. Mai ƙera ƙwaƙwalwa ya gyara tushe, masu ƙera modam iri iri su shigar da gyaran cikin manhajarsu, kampanonin intanet su gwada, sannan su aika ma gidaje. In ɗaya daga cikinsu ya yi sakaci, ko ya ce akwatin ya tsufa ba ya kula da shi kuma, mai gida ba shi da ta yi. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A nan kuwa mai ɗaki yana kallon tsagar, amma ba a ba shi izinin yaɓe ta ba.

In mabuɗi ya faɗa hannun wani

Abin da ya fi wannan muni shi ne a kama cibiyar kanta. Ran 24 ga Fabrairu 2022, ranar da sojojin Rasha suka shiga Yukiren, masu kutse suka shiga sashen kula da na'urori na tauraron ɗan Adam KA-SAT, mallakar kampanin Viasat. Daga can suka aika umurni da ya goge ƙwaƙwalwar dubban modam. Modam ɗin sun yi biyayya, don umurnin ta hanyar maigidansu ya zo. Sai da kampanin ya aika da sabbin akwatuna kusan 30,000. A Jamus, injunan samar da lantarki da iska guda 5,800 suka rasa masu duba su daga nesa. A watan Mayu 2022 Tarayyar Turai da Amurka da Ingila suka ɗora ma Rasha alhakin harin.

Tsakanin 25 da 27 ga Oktoba 2023 kuma, akwatuna fiye da 600,000 na wani kampanin intanet guda a Amurka suka mutu murus, ba su sake tashi ba sai da aka canza su. Masu bincike na kampanin Lumen, da suka ba da rahoto a watan Mayu 2024, sun ce da gangan aka tura musu gurɓatacciyar manhajar ciki. Yankunan karkara na cikin waɗanda abin ya fi taɓawa.

Ko babu ɓarawo ma, gaggawa na iya yin irin wannan ɓarna. Ran 19 ga Yuli 2024, wani sabuntawa mai kuskure da kampanin tsaro CrowdStrike ya aika lokaci guda ya tsai da kwamfutoci kimanin miliyan 8.5, jirage suka kasa tashi, asibitoci da bankuna suka shiga ruɗani. Shi ya sa masu hankali a wannan sana'a ba su aika sabuwar manhaja ga kowa rana guda. Sukan fara da akwatuna kaɗan, su sa ido, sannan su ƙara, kuma su aje tsohuwar manhaja a gefe don a koma mata in sabuwa ta ƙi.

Hukumomi sun fara sa baki

Da can wannan magana tsakanin maƙera da kampanoni take. Yanzu ta shiga doka. A Ingila, tun 29 ga Afrilu 2024, an hana sayar da na'urar gida mai haɗuwa da intanet da kalmar sirri guda mai sauƙin zato, kuma dole maƙeri ya faɗi tsawon lokacin da zai ci gaba da aiko da gyara. Tarayyar Turai ta kafa tata doka da ta fara aiki a Disamba 2024, wadda manyan sharuɗɗanta za su hau kan maƙera a Disamba 2027. A ƙarƙashinta, galibin na'urori sai an kula da tsaronsu aƙalla shekara 5.

Abin da ya shafi Nijar

Mafi yawan ƴan Nijar ta wayar hannu suke samun intanet, kuma igiyar telbijin irin ta Amurka ba ta yaɗu a ƙasar ba. Amma akwatunan da ke ma'aikatu, da bankuna, da asibitoci, da makarantu, daga Yamai zuwa Maraɗi, Tawa da Damagaram, ƴan gida ɗaya ne da waɗanda aka ba da labarinsu. Kowanne na da manhajar ciki, kuma a ƙasashen waje aka ƙera su. Gwargwadon yadda Niger Telecom, da aka kafa a 2016 bayan haɗe Sonitel da SahelCom, da sauran kampanoni ke ƙara shimfiɗa zaren gilashi, haka yawan akwatunan zai ƙaru.

Ƙasar na da dokar hukunta laifukan intanet tun 2019, tana kuma da hukumar ARCEP mai sa ido ga kampanonin sadarwa. Sai dai hukunci bayan ɓarna yake zuwa, rigakafi kuwa tun wajen saye ake yin sa. Jami'in da zai sa hannu a takardar sayen kayan sadarwa, ya dace ya nemi amsar tambayoyi huɗu a rubuce. Shekara nawa maƙeri zai yi yana aiko da gyara? Shin akwatin na duba hatimi kafin ya karɓi sabuwar manhaja? Su wane ne, kuma daga wace ƙasa, ke da ikon shiga akwatin daga nesa? In sabuntawa ya lalata kaya, wa zai biya, kuma cikin kwana nawa za a canza su?

Mai akwati a gida ko a shago shi ma yana da nasa rabo. Ya canza kalmar sirrin da akwati ya zo da ita, ya tambayi kampaninsa ko har yanzu ana sabunta irin nasa, in an daina ya nemi a canza masa. Laberiya ba ta da nisa, kuma mutum guda da aka biya ne ya durƙusar da ita. In gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa ma naka ruwa.