Rigimar Harbin Hankaki Da Tantabarun Daji A Ingila

Ran 23 ga Afril, 1919 ba, 2019 mu ke nufi, hukumar da ke kula da namun daji da tsuntsaye a Ingila, wadda a ke kira Natural England, ta yi shela cewa daga daren 25 ga wata ta soke lasin uku waɗanda manoma su ke harbin tsuntsaye masu ɓarna da su. Kwana biyu tak aka ba mutane su shirya. Tsuntsaye iri 16 abin ya shafa, amma biyu aka fi ambato, watau hankaka da tantabarar daji. Manomin da ya harbi tantabara a gonarsa ranar Alhamis bisa doka, in ya sake ranar Juma'a ya zama mai laifi. Mun ga ya kamata mu warware wa masu karatu wannan al'amari, musamman akawuna da masu riƙon ofis, domin tushen rigimar a takarda ya ke tun kafin ta isa gona.

Hankakan Ingila baƙi ne wuluk, ba shi da farin ƙirji irin na namu, amma halin ɗaya ne. Makiyaya suna kuka da shi a lokacin haihuwar tumaki, don ya kan tsone idon ɗan ragon da bai yi ƙwari ba, ko na tunkiyar da ta kife ta kasa tashi. Tantabarar dajinsu kuwa ta fi hasbiya girma, tana sauka garke-garke a gonakin wake da kabeji da alkama. Wanda ya taɓa ganin jan-baki sun sauka a gonar gero ba sai an gaya masa yadda zuciyar mai gona ta ke ba.

To, dokar Ingila ta 1981 ta hana kashe kowane tsuntsun daji, in ban da waɗanda a ke farauta a lokacinsu. Amma ta ba hukuma ikon ba da lasin saboda tsare amfanin gona da dabbobi, ko lafiyar jama'a, ko kare waɗansu tsuntsaye, bisa sharaɗin cewa hukumar ta tabbata babu wata hanya mai gamsarwa sai kisa. Da ya ke manoma suna da yawa, sai aka sauƙaƙa: kowace shekara a buga lasin na kowa da kowa, ba a nemansa, ba a biyan ko kwabo, mutum ya karanta sharuɗɗa ya ɗauki bindigarsa. Haka aka yi ta yi shekara da shekaru.

A farkon 2019 mutum uku, Chris Packham mai shirin namun daji a BBC, da Mark Avery, da Ruth Tingay, suka kafa ƙungiya mai suna Wild Justice, suka ɗauki lauyoyi. Hujjarsu gajeriya ce. Doka ta ce hukuma ce za ta tabbata babu wata hanya, ga shi kuwa hukuma ta ɗora wannan nauyi a kan mai bindiga, ta ce shi zai duba ya gamsar da kansa. Watau an mai da mai neman izini alƙalin kansa. Hukumar ta shawarci nata lauyoyin, ta ga ba ta da ta cewa, ta janye lasin tun ba a kai ga zaman shari'a ba.

A ganinmu masu ƙara suna da gaskiya a kan doka, kuma hukumar ta kyauta da ta amsa. Inda ta yi ɓatan basira shi ne lokacin da ta zaɓa da kuma gaggawar da ta yi. Watan Afril a can shi ne tumaki su ke haihuwa, shuka kuma ta ke tsirowa, ga shi ba ta tanadi abin da zai maye gurbi ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kashegari ta fito da sabon lasin na hankaka don masu dabbobi, na tantabara kuwa sai ran 3 ga Mayu, a tsakani mutane suka yi ta rubuto takardun neman izini ɗaya-ɗaya har ofis ya cushe. Rai ya ɓaci ƙwarai, har waɗansu suka je da dare suka rataye matattun hankaki a ƙofar gidan Packham, wanda aikin banza ne da bai ƙara wa manoma daraja ba. Ran 4 ga Mayu Ministan da ke riƙe da sha'anin gona da mahalli, Michael Gove, ya karɓe ikon daga hannun hukumar, ya nemi jama'a su kawo bayani, aka sami amsa sama da 4,000, sa'an nan aka buga sababbin lasin uku ran 14 ga Yuni.

Amma akwai tambayar da hayaniya ta danne, ita ce kuwa mu ke so malamai su riƙe: shin harbin yana rage tsuntsayen? Gwamnatin Ingila ta riga ta gwada wannan da kuɗinta. A cikin shekarun 1950 ta riƙa biyan rabin kuɗin harsashi ga masu harbin tantabara, ana taruwa a ƙarshen hunturu a tare su a kurmin da su ke kwana. Sai wani masani na Ma'aikatar Gona, Ronald Murton, ya shafe shekaru yana ƙidayar tantabaru a wasu gonaki na lardin Kembirij. Abin da ya gano ya ba mutane mamaki. Ko an yi harbi ko ba a yi ba, yawan da ke saura bayan hunturu kusan ɗaya ne. Dalili kuwa, abincinsu a tsakiyar sanyi wata ciyawa ce mai ganye uku-uku da a ke shuka wa dabbobi, ita kuwa ba ta isar kowa. In tantabaru sun fi ƙarfin ciyawar, yunwa za ta kashe rarar. Mai bindiga yana kashe waɗanda da ma za su mutu ne, ya kuma bar wa sauran abinci a yalwace. Gwamnati ta karɓi wannan bayani, ta daina biyan kuɗin harsashi a 1965.

Abin da ya biyo baya ya ƙara gaskata shi. Daga shekarun 1970 manoma suka dukufa ga shuka wani tsiro ɗan'uwan kabeji, mai fure ruwan ɗorawa, wanda a ke matse mai daga 'ya'yansa. Ana shuka shi da kaka, ya kwana kore duk tsawon hunturu. Yunwar da ke taƙaita tantabaru ta kau, yawansu ya ninka fiye da biyu, har lissafin masana ya kai su wajen miji da mata miliyan 5 a Birtaniya, alhali ba a taɓa daina harbi ba. Manomi da hannunsa ya shimfiɗa wa ɓarawonsa tabarma.

Kada a ɗauka muna cewa bindiga ba ta da amfani. Mutum-mutumi da tutoci da na'urar nan mai ƙara kamar igwa duk tsuntsu ya kan saba da su cikin 'yan kwanaki in ya ga ba mai mutuwa. Maharbin da ya zauna a bakin gona yana korar garke daga wannan gona a makon da shuka ta ke da rauni, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne ga mai ita, ko da ya ke sau da yawa gonar maƙwabci su ke komawa. Sha'anin hankaka kuma dabam ne, don shi mai riƙe yanki ne, ba mai yawon garke ba. A gwajin da aka yi a Otterburn, arewacin Ingila, daga 2000 zuwa 2008, rage hankaki da yanyawa ya sa tsuntsaye masu ƙwai a ƙasa suka riƙa fid da 'ya'ya wajen ninki uku. Kisa a wuri sananne, a lokaci sananne, don ɓarna sananniya, yana da hujja. Harbin duk baƙin tsuntsun da ya gilma da sunan rage iri, shi ne ba mu ga hujjarsa ba.

Lasin da suka fara aiki a farkon 2021 sun matso kusa da wannan ra'ayi. An jera kowane tsuntsu da irin ɓarnar da za a iya kashe shi saboda ita, an kuma ce mai harbi ya fara gwada hanyoyin kora gwargwadon iko. Amma an bar shi dai shi ne mai auna ko ya gwada, ba a kuma tilasta masa ya kai wa kowa lissafin abin da ya kashe ba. Saboda haka hukumar da doka ta ce ta tabbata babu wata hanya, ba ta da littafin da za ta buɗe ta ga hankaki nawa ko tantabaru nawa suka faɗi a shekara da izininta.