Daga Teburin Malam: Tsakiyar Kaka Ba Tarkace Ba Ce

A wannan wata za mu leƙa cikin adakar iyayenmu mata. Da wuya ka sami tsohon gida a Zangon Kumasi da babu jigida ko 'yan duwatsun wuya na gado a ciki. Yawancinsu gilashi ne, kuma yaranmu sun ɗauka Bature ne ya fara kawo mana shi. Ba haka ba ne.

Masu tonon tarihi sun nuna cewa an fara ƙera tsakiyar gilashi a ƙasar da ake kira Iraƙi yanzu da kuma Masar, wajen shekara 4,500 da suka wuce. Busa shi da bututu kuwa a ƙasar Sham aka gano, daf da haihuwar Annabi Isa (AS). Haɗin dai bai canza ba: yashi, da kanwa ko toka, da ɗan farin ƙasa, sai wuta mai tsananin zafi.

To, mu fa a Afirka ta Yamma? A Igbo Olokun da ke Ile-Ife, Dakta Abidemi Babalola ya tono tsakiya sama da 10,000 tare da fasassun tukwanen narka gilashi. An auna su, aka tarar tsakanin ƙarni na 11 da na 15 aka yi su, kuma haɗinsu ba irin na Turai ko na Larabawa ba ne. Wato a nan gida aka dafa shi, tun jirgin Fotugis bai iso Elmina ba. A Bida kuma, Masaga na ƙasar Nufe sun daɗe suna haɗa nasu da yashi da kanwa suna yin ƙarau, kafin kwalba ta yawaita su koma narka ta.

A nan Ghana sana'ar tana nan da ranta. A Odumase Krobo, da ƙauyukan Dabaa da Asamang kusa da mu, ana daka kwalba a tankaɗe, a zuba garin cikin 'yan ramukan yumɓu, a soka tsinken ganyen rogo a tsakiya. In an gasa, tsinken ya ƙone ya bar kafar zare. Sai a goge da yashi da ruwa. Fataucin wannan kaya kuwa, daga hanyar goro ta Salaga har zuwa kasuwar Alhamis ta Koforidua, Hausawa na da babban hannu a ciki.

Ga inda gizo ke saƙa. Dillalai na bi gida-gida suna sayen tsofaffin duwatsu, su haye da su Turai da Amurka. Wasu ma har tsofaffin kufai suke tonawa. Dutsen da aka raba da mazauninsa ya zama bebe, domin masani ba zai ƙara sanin shekarunsa ko hanyar da ya biyo ba.

Shawarata ita ce, kafin a sayar, a zauna da tsohuwa a tambaye ta: wa ya ba ki, daga wane gari ya zo? A rubuta a ajiye tare da shi. Malaman makaranta kuma mu riƙa kai ɗalibai Dabaa su gani da idonsu. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.