Ƙannenmu masu gita: ku rage sayen kaya, ku ƙara zaman koyo

Ƴan uwa masu saurare na Ƙwanni da Malbaza da Illela, da waɗanda ke can cirani suna bin mu ta salula. Yau ba zancen farashin hatsi ko na iyaka na kawo muku ba. Magana ce a kan ƙannenmu masu kaɗa gita, da kuɗin da suke zubawa cikin kayan kiɗi. Wani zai ce a halin da ake ciki wannan ai ba matsala ba ce. Ni kuwa da idona na ga wahalar rani guda ta tashi a hayaƙi cikin minti biyu, shi ya sa na ce sai na yi magana.

Akwai wani yaro da nake ɗauka kamar ƙanena. Bara ya yi rani cur yana ban ruwa a garake na albasa wajen Galmi. Da aka kwashe albasa ya haɗa abin da ya samu, ya ranto ƙari wurin kawunshi, ya ƙetara Sakkwato. Ya komo da gita mai aiki da wuta, da ƙaton ampili na hannu, da ƙananan akwatuna biyat na canza sauti waɗanda ake takawa da ƙafa, makaɗa na ce musu fedal. Ranar da ya jera su ya ɗauki hoto ya sa a Facebook, abokai suka yi ta sa mishi albarka. Biki na biyu da aka gayyace shi, wuta ta ɗauke, aka tada wani tsohon gurup da ƙarfinshi ke hawa yana sauka. Kafin a ankara ampili ya yi hayaƙi. Masu biki suka kira mai sono ya sa musu waƙoƙi daga kart memuwar, aka ci gaba da rawa. Da gari ya waye aka kai ampili wurin mai gyara, ya buɗe ya ce abin da ya ƙone babu shi a garin nan, sai in an aika Kano.

Bayan sati biyu ya same ni a gidan radiyo. Na miƙa mishi wata tsohuwar gita ta katako da ke rataye a sitidiyo, na ce, "Ƙane, kaɗa mini waƙa guda, daga farko har ƙarshe, in sa ka cikin shiri." Ya riƙe ta, ya fara, ya tsaya, ya sake farawa. Can ya ɗaga kai ya ce, "Wallahi yaya, in babu kayan nan ban jin kaina." Nan na gane asarar ta fi ta ampili. Watannin da ya kamata yatsunshi su saba da tsirkiya, ya ƙarar da su wurin murɗa maɓallai da kallon bidiyon kayan da bai da su.

A ƙasashen Turai akwai wani ra'ayi da suke kira minimalizim, wato mutum ya taƙaita kayanshi ga abin da yake amfani da shi da gaske. Makaɗan gita na can da suka gaji da tara fedal ashirin suna sayar da su, su koma ga gita guda da ampili guda. Lokacin muna lise da an ba mu wanga batu a jarrabawar falsafa, da mun cika takarda huɗu. Amma mu nan ba sai an fassara mana shi daga Faransanci ba, domin kiɗan da muka tashi muka tarar haka aka gina shi. Goge tsirkiya guda gare shi. Garaya biyu. Molo uku. Marigayi Ɗan Maraya Jos, da ya rasu a 2015, da kuntigi ya yi suna, ɗan abin da bai wuce tafin hannu ba, mai tsirkiya guda. Da shi ya yi wa karen mota da sauran talakawa waƙoƙin da har gobe in na sa su a radiyo sai waya ta yi ta ƙara. Marigayi Malam Maman Barka, da ya rasu a 2018, da gurumi ya fara jan hankalin ƴan Nijar, kafin ya tahi bakin tafkin Cadi ya koyo biram wurin Buduma.

Na san abin da matasa za su ce: wancan kiɗan gargajiya ne, mu zamani muke yi. To mu dubi masu gitar zamanin, kuma ba sai mun fita jihar Tawa ba. Mdou Moctar, wanda yau yake cika manyan dakunan wasa a Amurka da Turai, ɗan arewacin jiharmu ne, yankin Abalak da Cintabaradan. Gitarshi ta farko da hannunshi ya ƙera ta, da katako da wayar birkin keke. Kundin waƙoƙinshi na farko, Anar, a Sakkwato ya ɗauke shi a 2008, nan bayan iyakarmu. Babu kamfanin da ya yi mishi talla a lokacin. Waƙoƙin suka riƙa yawo daga salula zuwa salula ta Bluetooth da kart memuwar, har wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley, mai kamfanin Sahel Sounds, ya ji su a wayoyin mutane ya shiga neman mai su. Abin da ya ja shi waƙar ce, don ta wayar hannu ba a ganin irin kayan da mutum ya mallaka.

Haka Fatou Seidi Ghali ta ƙauyen Illighadad, shi ma a yankin Abalak. Da gitar ɗan uwanta ta koya wa kanta. Ƙungiyarsu, Les Filles de Illighadad, ta fitar da kundinta na farko a 2016, kuma abin da ke ciki gita ce da muryoyi da tafi da tende, wato turmin daka da aka rufe bakinshi da fata, sai ƙwarya da aka kifa cikin ruwa. Da wannan suka zagaya duniya.

Dole in faɗi gaskiya a nan, kada a ce na ɓoye rabin labari. Mdou Moctar na yau yana kaɗa gita ta kamfanin Fender, yana kuma taka fedal, sautinshi kamar tsawa. Ban ce kaya haramun ba ne. Abin lura shi ne tsarin da ya bi: hannu ya ƙware tukuna, kaya suka biyo baya. Hujja kuwa ga ta. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 aka rufe iyakoki, shi da ƴan ƙungiyarshi suna Amurka, hanyar komowa gida ta toshe. Suka shiga sitidiyo suka sake kaɗa waƙoƙin kundinsu Funeral for Justice da gitocin katako, abin ya fito a 2025 da sunan Tears of Injustice. Waƙoƙin sun tsaya da ƙafarsu ba tare da tsawar ba. Ƙanena na Galmi, da aka ɗauke mishi akwatunan, babu abin da ya rage a hannunshi.

Akwai kuma dalilan da suka shafi ƙasarmu kanta, waɗanda masu tallar kaya a intanet ba su san da su ba. Na farko wuta. Kowa ya tuna yadda aka sha duhu bayan Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar a watan Agusta 2023, kuma ko a lokacin lafiya makaɗin da ke zuwa biki a Dogarawa ko Tajaye ko Bazaga ya san da gurup zai yi aiki. Wutarmu volt 220 ce. Ampili na hannu da aka yi don kasuwar Amurka na volt 110 zuwa 120 ne, in ka soka shi kai tsaye ba tare da taransifo ba, ya tahi ke nan. Yara nawa ne ke duba bayan ampili kafin su biya? Na biyu ƙura. In hunturu ya shigo, ƙura na shiga cikin maɓallan murɗawa da ramukan waya, sai ka ji ƙarar ƙwar-ƙwar tsakiyar waƙa. Kowace fedal da ka ƙara, ka ƙara mahaɗar waya biyu da wata hanyar ba ta wuta, kowace kuma wuri ce da matsala za ta iya ɓuya. Mai fedal biyat in sauti ya ɗauke, sai ya duƙa yana lalube gaban jama'a. Mai waya guda daga gita zuwa ampili ya san inda zai duba. Na uku zafi. A watan Afrilu da zafi ke wuce digiri 40, gitar da aka bari a ɗakin kwano ko bayan mota wuyanta na iya lanƙwashewa, tsirkiya ta yi nesa da katako, sauti ya daina daidaita. Wannan bai san gita mai tsada ko mai araha ba. Balle ma wasu da ake sayarwa da sunan manyan kamfanoni a kasuwanninmu jabu ne, sunan kawai ka biya.

Sai dalilin da ya fito daga aikina. Kullum matasa na aiko mini waƙoƙinsu ta WhatsApp in sa a radiyo. Ku tuna inda waƙar za ta ƙare: cikin ƴar radiyon mai shayi a tashar Tsarnawa, ko salular mai kabu-kabu, ko radiyon da manomi ya rataya a icce. Waɗannan ƙananan lasifikoki ba su fitar da rabin adon da aka ɓata dare ana yi. Abin da ke isa kunnen mai saurare shi ne murya, da kalmomi, da karin da zai iya maimaitawa yana tafiya. Shekarun da na yi ina karɓar kiran masu saurare, ba a taɓa ce mini in sa waƙar nan mai ampili babba ba. Cewa ake in sa wadda ke zancen uwa, ko ta ɗan cirani da ya daɗe bai komo ba.

Wani abokina makaɗi ya ƙalubalance ni a kan wagga magana, kuma ƙalubalen nashi na da nauyi. Ya ce Bature ne ke zaɓen rage kaya don ya ƙoshi, mu kuwa rashi ne ya rage mana, kada in mayar da talauci abin ado. Ya ƙara da cewa masu biki ido suke saye: in ba su ga bafil jere kamar buhunan siminti na Malbaza ba, sai su ce ba ka iya ba, su rage maka kuɗi. Na yarda da shi rabi. Babu daɗi a ce matashi mai baiwa ya rasa ko tsirkiyar canji sai ya aika Yamai ko Sakkwato, kuma wuraren koyon kiɗa irin CFPM Taya na Yamai sun yi wa ɗan Illela nisa. Wannan gyara ne da ya kamata hukumomin al'adu da magadan gari su duba, musamman a jihar da ake alfahari da gasar Ɗan Gurmu. Amma daidai saboda kuɗinmu kaɗan ne ya sa bai kamata mu zuba su inda ba su da amfani ba. Wanda ke da miliyan zai iya kuskuren saye ya share. Wanda ya yi rani yana ban ruwa, kuskure guda ya ishe shi shekara. Zancen bafil kuwa, ai akwai masu sono da sana'arsu ke nan. Ranar babban biki a yi haya, a sa kuɗin cikin ciniki. Ba sai kowane mai gita ya zama mai sono ba.

Don haka ga shawarata ga duk ƙanen da ke tara kuɗi yanzu. Ka nemi gita guda mai madaidaicin wuya, ka tahi da wanda ya iya ya gwada maka ita kafin ka biya, ka manta da sunan da aka rubuta a kanta. In ta wuta ce, ka sayi ƙaramin ampili da mai gyaran radiyo na unguwarku zai iya buɗewa, in da hali mai aiki da batir, da waya guda mai kyau da ta ajiya. Ka sayi regilater kafin ka yi tunanin fedal. Ka ajiye tsirkiyar canji, ka riƙa goge ta da tsumma bayan kiɗi don zufa na sa ta tsatsa, ka ɗinka wa gitar riga wurin tela saboda ƙura. Abin daidaita sauti akwai shi kyauta a salula. Sauran kuɗin ka bar su a aljihu, ko ka biya wani dattijon makaɗi ya zauna da kai. In akwai mai molo ko goge a garinku, ka je ka gaishe shi ka saurara, akwai karin da ke hannunshi wanda ba ka samu a YouTube. Sannan ka sa wa kanka doka: ba za ka ƙara sayen komi ba sai ka iya waƙa goma daga farko har ƙarshe da gita tsura, ba tsayawa. Ranar da wata waƙa taka ta buƙaci sautin da hannu ba ya iya bayarwa, kai da kanka za ka san wace fedal guda ce za ka saya. Hausawa sun ce ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Iyaye da yayye, ku ma da naku. In yaro ya zo rancen kuɗin kayan kiɗi, kada ku kore shi, kada kuma ku miƙa kawai. Ku ce ya kaɗa muku waƙa uku tukuna.

Shi ƙanen nawa ya sayar da fedal huɗu ya rage bashin kawunshi, saura kaɗan. Ampilin na nan wurin mai gyara har yau. Tsohuwar gitar sitidiyo na ba shi aro, kuma duk ranar Juma'a da marece yana zuwa ya kaɗa mini abin da ya koya. Makon jiya ya kai waƙa huɗu. Na yi mishi alkawarin ranar da ya cika goma zan buɗe mishi makirfo kai tsaye, ku ji da kunnenku ku yanke hukunci.

Allah shi ba matasanmu sana'a mai albarka, shi tsare mu da bashin da bai da dalili. Sai mun haɗu a shiri na gaba.