Ra'ayinmu: Ciwon Baya Ba Da Tramol Ake Maganinsa Ba

Masu iya magana sun ce jiki magayi. Duk wanda ya ratsa kasuwar Madarunfa ko ta Ɗan Issa bayan la'asar zai ga shaida: tela ya sauka daga kan keke dafe da ƙugu, mai tuwo-tuwo na miƙewa da ƙyar, ɗan dako ya jingina da bango yana nishi. Ma'aikatan ofishin prefe da na magajin gari, masu yini bisa kujera gaban kwamfuta, su ma kukansu ke nan. Ciwon baya bai bar kowa ba.

Ba a nan kaɗai ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2020 mutum miliyan 619 ne suka yi fama da ciwon ƙugu, ana kuma hasashen za su kai miliyan 843 a 2050, kuma babu ciwon da ya kai shi hana mutane aiki a duniya. Sai dai abin ya fi yi wa ƴan kasuwa ciwo. Ma'aikaci in ya kwanta, albashinsa na nan ƙarshen wata. Mai ƙosai kuwa in ba ta fita ba, ranar babu cefane.

Abin da ya kamata kowa ya sani shi ne, cikin mutum 10 masu wannan ciwo, kusan 9 ba wata muguwar cuta ba ce ke gare su, ƙashi bai karye ba, bayan bai lalace ba. Galibi ciwon kan lafa cikin sati 6 ko ƙasa da haka. Zafin ciwo ba kullum ne yake nuna girman ɓarna ba. Gajiya, rashin barci da damuwar bashi duk suna ƙara shi. Wanda ya tsorata ya miƙe bisa tabarma kwana da kwanaki, jikinsa kan ƙara sanƙarewa, naman baya ya yi rauni, ciwon ya daɗe. Saboda haka ne a watan Disamba na 2023, da hukumar ta fitar da jagora kan ciwon ƙugu mai daɗewa, ta sa ilimantar da mara lafiya da motsa jiki cikin manyan hanyoyin magani, ta kuma ce kada a dogara da bel ɗin ɗaure ƙugu, kada a yi maganinsa da ƙwayoyi dangin ofiyom.

Abin takaici, a kasuwanninmu akasin haka ake yi. Da baya ya motsa sai a kira mai tallan magani a faranti, a sayi tramol, wanda shi ma dangin ofiyom ne. Yau ƙwaya guda, wata mai zuwa sai biyu, daga nan jiki ba ya aiki sai da ita. Tana jawo jiri, tana kayar da mutum kamar mai farfaɗiya. Ƴan dako da ƴan kabu-kabu nawa ne suka fara ta don ciwon baya, suka ƙare da wata cuta da ta fi ta farko? Ko diklofenak da ibuprofen, waɗanda suke taimakawa, na ɗan lokaci ne, da shawarar malamin lafiya, domin yawan shansu na cin ciki da ƙoda, mai juna biyu kuwa kada ta sha da kanta.

To mene ne mafita? Ba ta buƙatar ko dala. Mai zaman rumfa da mai zaman ofis, duk rabin awa a tashi, a miƙa jiki, a ɗan taka. Tela ya dinga sauka daga keke tsakanin ɗinki da ɗinki. Mai suya ta ɗaga murhu ko tebur yadda ba za ta yini a duƙe ba, ta riƙa sauya zama da tsayuwa. Mai ɗaukar buhu ya jawo shi kusa da jiki, ya durƙusa da gwiwa, kada ya murɗa ƙugu da kaya a hannu. In ya yi nauyi a kama mutum biyu, ba abin kunya ba ne. Hukumar lafiya ta ce babba ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki a sati, wato tafiyar rabin awa kwana 5.

Amma akwai alamun da ba a zama da su. In ciwon ya zo da zazzaɓi, rama ko tari mai daɗewa, domin tarin fuka na kama ƙashin baya. In ƙafa ta yi sanyi ko ta mutu. In fitsari ko bayan gida ya ƙi riƙuwa ko ya ƙi fita. In bayan faɗuwa ne ko haɗarin babur, to a nufi asibitin Madarunfa ko na Maraɗi ba tare da jinkiri ba.

A nan muke kira ga malaman lafiya na cibiyoyinmu, daga Gabi zuwa Safo da Jiratawa, da su ɗauki minti biyar su yi wa mai ciwon baya bayani, maimakon su rubuta takardar magani kawai ya tafi da tsoronsa. Shugabannin ma'aikatu su bar ma'aikaci ya tashi ya motsa, ba lalaci ba ne. Sarakunan kasuwa da ƙungiyoyin mata su gayyato malaman lafiya ranar adashi ko taro a nuna wa jama'a. Hukumomi kuma su sa ido kan masu tallan tramol, ba sai ranar kame kaɗai ba.

Jarin ɗan kasuwa na farko bayansa ne. Allah ya ba mu lafiya mai amfani.