Falwaya Ta Faɗa Kan Mota: Wa Zai Biya?

Damina kan zo da iska, iska kuwa kan ka da falwayar da gara ta cinye. In ta faɗa kan motar da ke jigilar albasa daga kasuwar Illela zuwa Sakkwato, sai ka ji ana ce wa mai motar, "Ƙaddara ce, yi haƙuri." To, haƙuri yana da kyau, amma ba ya sayen gilashi, ba ya ciyar da iyalin direba.

Tun 2013 Gwamnati ta sayar da kamfanonin rarraba wuta, sunan NEPA ya rage a baki kawai. Jihar Sakkwato tana hannun Kaduna Electric. Mai karɓar kuɗin wuta shi ke da nauyin gyaran falwaya. In sakacinsa ya ɓata dukiyar wani, diyya ta wajaba a kansa.

Amma fa, 'yan'uwa, kukan baki ba ya cin shari'a. Kada kowa ya taɓa motar sai an yanke wuta. A ɗauki hoto kafin a janye ta, a sami shaidu, a sanar da 'yan sanda, makanike ya rubuta kuɗin gyara. Sa'an nan a kai takardar kuka ofishin kamfani, a riƙe kwafi mai hatimi. In kwana 15 na aiki sun wuce ba biyan bukata, a kai ƙara ofishin hukumar NERC da ke Sakkwato. Ƙofar kotu ma a buɗe take.

Jama'a, a daina barin hakki saboda tsoron ofis. Allah ya kiyaye.